Farar Wuta a Gareji

Ƙanwata ce ta bugo mini waya daga Hotoro ta ce an fara rushe gidan da muka tashi a cikinsa. Ta wuce a adaidaita sahu ta ga an sare madacin bakin ƙofa, an kewaye filin da langa-langa, wai za a yanka shi gida takwas. Ta faɗa ne kamar labarin kasuwa, sannan ta ce, "Yaya, kana jina?" Ina jinta sarai. Ban damu da madacin ba, ban damu da gidan ba, don gidan ba namu ba ne, mu 'yan ɗakunan baya ne. Abin da ya dame ni wani gwangwanin madara ne da na cusa a ramin bangon gareji ina ɗan shekara goma sha biyar, na toshe da tsumma, ban sake komawa ta kansa ba. Irin abin da ke cikinsa ne ya cinye idanun mahaifina. Ga shi yanzu 'ya'yan mutane za su sa hannu a bangon nan ba su san yana ciki ba, kuma duk duniya ni kaɗai na sani.

Yaran yanzu in sun ce Nassarawa GRA, dogayen katangu suke nufi masu waya a sama, da kukan janareta, da shagunan gilashi da suka tsiro a inda da ake shanya wanki. Mu a zamaninmu katangar ma shuka ce, shinge ne na ganye da gadina, mai kula da shukokin gida, ke yi wa aski da ƙaton almakashi, kuma ƙarar almakashin nan ita ce ke gaya mana hantsi ya yi. Unguwa ce mai shiru har kana jin faɗuwar mangwaro a kan kwanon gidan da ke bayan naku. Da safe kurciya, da yamma jemagu su tashi daga kan madatai su rufe sama, tsakaninsu kuwa ƙararrawar keken mai burodi da sautin cokula daga kicin ɗin maigida. Mu 'ya'yan direbobi da kuku da masu gadi mun san kowane famfo da kowace ɓarakar shinge. Aikina kullum shi ne in share ganye, in cika bokitai uku, in wanke tayoyin mota. Tayoyi kawai. Jikin motar Baba ne ke wankewa da kansa, da tsumma mai laushi, yana yi yana ja da baya yana duba ta kamar mai sayen saniya. Ba ya yarda bokiti ya zauna babu ruwa. Yakan ce direba ba ya rabuwa da ruwa, don lagireto na nema, alwala na nema, in kuma wuta ta tashi shi ne farkon abin da hannu zai kai wa.

Baba mutumin ƙauye ne daga wajen Jigawa, kuma birni bai rage masa komai na gida ba. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban tsabar idona ya yi mini magana ba. In yana so in yi abu, sai ya dubi ƙanwata ya ce a gaya wa yaron nan ya kawo bokiti, alhali ina tsaye a gabansa har inuwarmu ta haɗu. Ita kuma ta juyo da tsiwarta ta ce mini in kawo bokiti. In ni ne da magana, ko littafin makaranta ne ya ƙare, sai in ce mata ta gaya wa Baba. Ba ƙiyayya ba ce, kada wani ɗan zamani ya karanta wannan ya fara jin tausayina. Kunya ce, haka aka yi masa, haka aka yi wa ubansa. Na san yana sona, don in maigida ya ba shi ragowar nama, tsokar da ta fi kyau a kwanona nake tsintar ta, ba a ce komai ba. Amma na girma bakina bai saba da hanyar kunnensa ba. Ban taɓa ce masa "yi" ba, balle in ce masa "kada".

A kusurwar garejin akwai mataccen injin wata ƙaramar mota mai doro da muke kira kunkuru, ta uwargidan ce, injin ya buga aka sa mata wani aka yar da tsohon. Ya daɗe a nan kaji na yi masa kashi. Wanda ya buɗe mini ido a kansa abokina ne na gidan da ke jikin namu, ɗan wani malamin makaranta Kirista mutumin wajen Zariya. Ya girme ni da aji ɗaya, kuma yana da irin kan nan da ba ya barin abu ya kwana lafiya. Ya zo wata rana yana rawar jiki, wai malaminsu na kimiyya ya ƙona wani siririn ƙarfe a aji, ya yi hasken da har 'yan mata suka ɓuya ƙarƙashin tebur, sunansa maganiziyam, kuma malamin ya ce da shi ake zuba jikin injin kunkuru. Na yi masa dariya na ce ƙarfe ba ya cin wuta. Bai yi musu da ni ba, ya ɗauko magagarin Baba ya goga a jikin injin, ya tara garin a tafin hannu, muka je inda mai wanki ke hura gawayin dutsen guga ya watsa. Nan take wuta ta tashi. Ba ja ba ce, ba rawaya ba ce, fara ce fat, ta fi ranar da ke samanmu haske, kuma bayan ta mutu na yi ta ganin wani koren tabo duk inda na duba.

Daga ranar muka haukace. Muka sa masa suna garin walƙiya. Duk lokacin da Baba ya fita da maigida, muna gareji muna guga har hannuwanmu suka yi kanta, muna tarawa a gwangwanayen madara. Inna na ganin hannuna ta ɗauka shara ce, har tana sa mini albarka. Kuma a cikin wasan nan ne muka gano abin da ya fi komai ba mu daɗi: in garin ya kama ka tsoma yatsa a ruwa ka yarfa masa, maimakon ya mutu sai ya yi tsaki, ya buɗe, ya yi ta tofar da fararen tartsatsi. Abokina ya koma ya tambayi malaminsu a fakaice, ya dawo jikinsa a sanyaye ya ce mini mu daina na ruwan, wai wannan wutar ruwa abincinta ne, busasshen yashi kaɗai ke kashe ta. Na ce masa matsoraci. Ina rubuta wannan ne don kada in sami wurin ɓuya daga baya. Na sani. Duk gidan nan, daga maigida mai digiri har gadina, babu wanda ya san ruwa na ƙara mata ƙarfi sai ni.

Ranar da abin ya faru abokina ba ya nan, sun tafi gida hutu. Bayan an kira azahar ne, rana ta take, gidan ya yi tsit. Ƙanwata ta daɗe tana roƙona in nuna mata walƙiyar, ni kuma ina so in burge ta fiye da yadda abokina ya burge ni. Gwangwani biyu gare ni. Na bar ɗaya a ramin bango, na juye ɗayan gaba ɗaya a kan simintin gareji, ya yi tudu kamar garin tuwo, taku huɗu daga sabuwar motar maigida, ga galan ɗin fetur a jingine. Wace irin ƙwaƙwalwa ce a kaina, har yau ban sani ba. Na ɗora garwashi a kai na hura. Da farko ya ƙi, har ƙanwata ta fara yi mini dariya. Sai ya kama. Ba tsunkule ɗaya ba ne da muka saba, ya haska ya mutu. Wannan ya tsaya, yana ci yana ƙaruwa, ba a iya dubansa, farin hayaƙi na tashi, siminti na fashewa a ƙarƙashinsa kamar ana suyar gyaɗa. Ƙanwata ta rufe fuska ta sa kuka.

Baba yana bakin famfo yana alwala. Na ji ƙarar takalminsa na roba kafin in gan shi, sannan ga shi a ƙofar gareji, hannun rigarsa a naɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa, bokitin da na cika da safe a hannunsa. Na ga bokitin. Na san abin da zai faru, na gan shi ƙuru-ƙuru kamar ya riga ya faru. Tsakanina da shi bai fi in miƙa hannu ba, kuma akwai lokaci, wallahi akwai lokaci. Amma wuyana bai juya wajensa ba. Wajen ƙanwata ya juya, yadda ya saba tun ina ƙarami, na ce, "Gaya wa Baba..." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ita tana kuka fuskarta a rufe, shi kuma ya sunkuya don kada ruwan ya taɓa motar, ya sheƙa.

Ƙarar ba irin ta bindiga ba ce, kamar an yaga ƙaton kwano ne da hannu. Komai ya yi fari. Da na fara gani, Baba na durƙushe ya riƙe fuskarsa, bai yi ihu ba, salati kawai yake maimaitawa ƙasa-ƙasa. Sai a lokacin bakina ya buɗe, na yi ta kwarma wa gadina ihu ya kawo yashi, ya kawo yashi. Ya kawo da shebur daga tulin da ake ajiyewa don shuka, wutar ta kwanta. Motar ko fenti bai ɗaye mata ba.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su, amma su ne ba sa barina. Maigida ya yi ƙoƙari, ya kai shi asibitin ido, aka naɗe masa fuska da bandeji. Kullum Inna na tare likita a baranda da tambaya ɗaya, ko zai gani, shi kuma yana cewa a jira a kwance bandejin. Ta sayar da tasoshinta na aure ta yi sadaka, ta karɓo rubutu, ta karɓo tofi, duk wanda ya ce ga mai magani a wani ƙauye sai ta aika. Ni kuwa na yi alkawura da Ubangiji waɗanda babu mahalukin da zai iya cikawa. Na ce a ɗauki nawa ido ɗaya a ba shi. Na ce in ya gani zan bar makaranta in yi ta azumi. Nakan tsaya bayan tagar ɗakin da yake in rufe idona da hannu in ga tsawon lokacin da zan iya jurewa, ban taɓa kai minti biyar ba. Ranar da aka kwance bandejin, likita ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Baba ya juya fuska wajen taga ya ce yana jin akwai haske ta can. Ido ɗaya ya tafi, ɗayan kuma abin da ya rage masa ke nan, ya bambance dare da rana. Direba ne, babu wata sana'a a hannunsa.

Babu wanda ya tuhume ni. Wannan ya fi mini duka zafi. Ma'aikatan unguwa suka taru a kan cewa wutar da ruwa ke ƙara wa ƙarfi ba ta mutane ba ce, ta mutanen ɓoye ce, dama madacin nan ba a banza yake ba. Kuku ya rantse ya taɓa jin motsi a garejin. Maigida bai yarda da aljanu ba, ya ce wani tsohon batir ne. Ni na yi gum, ƙanwata ta yi gum, har yau ba mu taɓa tayar da maganar tsakaninmu ba. Aka yi ta yabon Baba, wai ya ba da idonsa ya ceci motar ubangidansa. Bayan 'yan watanni aka ɗauki sabon direba, sabon direba kuma na bukatar ɗaki. Muka kwashe tabarmi da tukwane muka koma Tudun Wada. Ranar tashinmu na je zan ɗauke gwangwani na biyu, na tsaya a ƙofar gareji na ga baƙin tabon a siminti, ƙafata ta ƙi shiga.

Ni na zama ɗan jagoransa. Ɗan farin da ba ya duba shi ne ke riƙe masa bakin sanda zuwa masallaci da gidan suna da jana'iza, shekara goma sha ɗaya. Kuma bai sauya ba. Muna tafiya mu biyu a hanya, babu na uku, sai ya ce wa iska, a gaya wa yaron nan ya rage sauri. Ni kuma in rage. In mota ta wuce yakan karkata kai ya faɗi irinta da abin da ke damun injinta, bai taɓa kuskure ba, kuma duk lokacin da ya yi haka sai in ji kamar in kwanta a titi. Wata rana da la'asar, lokacin jikinsa ya fara yin rauni, ƙanwata ta daɗe da yin aure, muna zaune a zaure ina yanke masa farce. Sai ya yi magana, kuma ba da iska ya yi ba, da ni ya yi.

"Ranar nan na ji ka ce a gaya mini," ya ce. "Me za a gaya mini?"

Ashe ya ji. Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da rabin maganar nan. Ƙofa ce ya buɗe mini da hannunsa, ya ajiye kunyar da ya gada don in shigo. Na ɗaga kai, kuma ku yarda ko kada ku yarda, ƙanwata na nema da ido a cikin zauren. Babu ita. Na ce, "Ba komai, Baba." Sai ya miƙo mini ɗayan hannun. Damina ba ta zagayo ba ya rasu.

Shi ya sa da na ji labarin rushe gidan na kasa zama. Kwana uku ina zuwa bakin langa-langan nan, maigadi na korata. Wani saurayi ne, ya dubi tsohon da yanar ido ta fara rufe wa gani yana zancen gwangwani da garin ƙarfe, ya yanke cewa ko roƙo na zo ko kaina ya taɓu. Na ce a haɗa ni da mai aikin, aka ce yana Abuja. Na ce ko birkila ne, aka ce suna aiki. Na roƙe shi da Allah, na kusa durƙusa masa, ni da na yi jika da shi. A da ta ɓarakar shinge nake shiga gidan nan ko kare bai yi haushi ba, yau ga ni ina leƙe ta hudar ƙusa. Ban san ko garin na da sauran rai bayan shekarun nan ba. Rashin sanin shi ne ya hana ni cin abinci.

Rana ta huɗu aka buɗe ƙofa don tifa ta shiga, na bi bayanta da sandata, maigadi na kira ban waiga ba. Mangwaro babu, ɗakunanmu babu, amma ƙafata ta san hanya. Na tarar an riga an kayar da bangon garejin, ya zama tulin bulo, an tara ruɓaɓɓun katakan rufi da busasshen ganye a jikinsa an cinna musu wuta. Wutar ta fara lasar tulin, daidai kusurwar da ramin yake. Wani lebura ya ga tana neman wuce iyaka, ya jawo tiyo, ya ɗaga bakinsa. Ban san ina da sauran murya irin wannan ba.

"Kada ka zuba ruwa!"

Ya tsaya cak. Ya karkatar da tiyon gefe, ya murɗe famfon, ya ce, "To, Baba."

Na sa suka danne wutar da yashi, suka tona inda na nuna. Gwangwanin na nan, tsatsa ta cinye shi, abin da ke ciki ya dunƙule ya yi fari-fari kamar tsohuwar kanwa. Ya daɗe da mutuwa. Suka yi ta juya shi da tsinke suna dariya, ɗaya ya ce dama saboda wannan tsoho ya tayar mana da hankali. Ban ji haushinsu ba. Ni dai na zauna a kan bulo ina duban yaron nan mai tiyo. Bai san ni ba, bai tambaye ni dalili ba, kalma huɗu na faɗa ya tsaya. Da su na faɗa wa mahaifina, shi ma da ya tsaya. Ya fi kowa saurin taka birki.

Yaron ya ga hawaye na bin gemuna, ya matso ya tsuguna ya ce, "Baba, lafiya? Akwai wanda za a gaya wa?"

Na ce masa a'a, wanda za a gaya wa ya daɗe da tafiya.